Takalmin hawa mashin a daji: tambayoyi da amsoshi kafin ka zuba kuɗinka a mai tsada

Tunda na fara fita daji da mashin ranakun Asabar, tambayar da tafi kowacce yawa ba akan mashin ɗin take ba, akan wannan ƙaton takalmin ne dake ƙafata. Wani yace kamar na ɗan sama jannati, wani yace nawa ka saya, in na faɗi kuɗin sai yayi tsit kwana biyu sannan ya dawo da wata tambayar. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, shi yasa na tattaro su nan waje guda. Ni ba dillalin takalmi bane, babu kuma kamfanin da ya taɓa bani ko sisin kwabo, abinda ƙafata ta gani ne kawai da wanda na gani a ƙafar abokan hawa.

Malam wai meye bambancinsa da sefti but ko but ɗin sojoji, ai duk fata ce mai kauri?

Sefti but anyi shi ne dan kar bulo ko rodi ya faɗo maka a yatsu. Na soja kuma na tafiyar ƙasa ne, dole ya lanƙwasu ta ko'ina in ba haka ba sojan ba inda zai kai. Shi kuwa wannan da gangan aka gina shi ya ƙi lanƙwasuwa ta inda ƙafa take karyewa. Ɗauki sefti but ɗinka ka riƙe dunduniyar da hannu ɗaya, wuyan da ɗaya hannun, ka murɗa kamar mai matse wanki, zaka ga ya bi hannunka salin alin. Toh yadda ya murɗu ɗin nan haka idon sawunka zai murɗu a cikinsa ranar da ka sauke ƙafa a guje ta maƙale a saiwa ko ramin gafiya, mashin kuma bai san ka tsaya ba yayi gaba abinsa.

Ni sau biyu na faɗi faɗuwa iri ɗaya. Ta farko da sefti but, a wani busasshen rafi mai yashi, tayar gaba ta nutse kan mashin ya juye ya kwanta min a ƙafar dama, kuma wallahi ba gudu nake ba ko giya biyu ban wuce ba. Sati shida ina ɗingishi da sanda, sallah a kan kujera. Ta biyun bayan shekara da wani abu, takalmin kirki a ƙafata, salansa ta kwanta daidai gefen ƙwaurina na kasa zare ƙafar har saida abokin tafiyata ya juyo ya ɗaga mashin ɗin, ni dai ƙaurin roba kawai nake ji. Na tashi na karkaɗe yashi na duba, robar gefen ta narke kamar faɗin tafin hannun yaro, ƙafar kuwa ko ja batayi ba. Har yau tabon yana jikin takalmin ban canza wajen ba.

Na ga na dala 200, na ga na dala 600 da wani abu, a hoto kuma duk kamarsu ɗaya. Me ake saya da ƙarin kuɗin?

Gaɓa ake saya. Duba daidai idon sawun mai tsadan zaka ga wani zagayayyen abu ta ciki da ta waje, nan ne wuyan takalmin ya haɗu da ƙasansa, yana juyawa kamar ƙyauren ƙofa, gaba da baya kawai. Ka danna birki ya bika, ka ɗaga giya ya bika, amma in ƙafa tace zata karkace gefe sai yace a'a. Ko gaba da bayan ma akwai inda aka sa masa iyaka, saboda in ka diro da ƙarfi kar ƙafar ta lanƙwashe fiye da yadda Allah ya yi ta.

Mai araha bashi da wannan, ƙarfinsa duk a taurin fata da roba yake. Shi yasa yana sabo kamar ka zura ƙafa a bututun siminti, kayi wata guda kana kokawa dashi kafin ya saki, ranar da ya saki kuma ka fara jin daɗinsa toh ranar kariyar ta fara tafiya, domin laushin da ya baka gaba da baya shi ɗin ne dai ya baka gefe da gefe. Mai gaɓa tun ranar farko yana motsi, bayan shekara uku kuma gefen yana nan da taurinsa. Wannan shine asalin maganar. Sauran ƙari ne, irinsu makullan gefe na alminiyam maimakon na roba, da ƙarfen da ake shimfiɗawa cikin sol dan kar tafin ƙafa ya naɗe akan mataki in ka daɗe a tsaye, da roba mai kama jikin mashin ta gefen ciki wadda ke jure zafin inji, sai kuma safaya, wato makulli ya karye ko maɗauri ya tsinke ka sayi shi kaɗai ka ɗaura, ba sai ka jefar da takalmin ba.

Su waye ke yin na kirkin?

Abin mamaki kusan dukkansu 'yan unguwa ɗaya ne. Akwai wani yanki a arewa maso gabashin Italiya, lardin Treviso wajen garin Montebelluna, tun da daɗewa sana'arsu kenan takalmin hawa dutse da na wasan ƙanƙara, kamar dai yadda dukawa ke da unguwarsu a birni. Sidi a Maser take, Dino Signori ya kafa ta a 1960. Gaerne ma nan Maser ɗin, 1962, Ernesto Gazzola, sunan kamfanin ma daga sunansa aka yanko shi. Alpinestars a Asolo, 1963, Sante Mazzarolo, kuma Roger De Coster ɗan Beljiyam wanda ya ci kambun duniya na tseren mashin a filin ƙasa, ajin inji mai 500cc, har sau 5 yana cikin waɗanda suka fito da sunan takalminsu. Forma da TCX ma 'yan yankin ne. A wajensu waɗanda ake ji dasu akwai Fox ta Amurka, da Leatt ta Afirka ta Kudu wadda wani likita Chris Leatt ya faro da abin kare wuya kafin su shigo harkar takalmi.

Oga bar tarihin nan, faɗa min kai tsaye, Tech 10 ko SG-12 ko Crossfire 3?

Wanda ya zauna a ƙafarka. Nasan ba amsar da kake so kenan ba amma gaskiyar kenan, duk ukun sun kai babu na banza a cikinsu, inda suka rabu shine siffar ƙafar da kowane kamfani ya auna ya gina nasa a kai.

Gaerne SG-12 mai faɗi ne ta gaba. Mu da muka tashi da silifas, ƙafa ta baje yatsu kowa da wajen zamansa, shi yafi yi mana adalci, kuma shi ne a ƙafata. Cikinsa akwai soso mai taushi da ke rungumar idon sawu, sol ɗinsa ɗinki ne, bakinsa da ƙarfe, makulli 4. Ga juriya kamar jaki. Aibinsa nauyi, ka ɗaga shi a hannu kaji kamar ka ɗauko dutsen niƙa, kuma bakin nasa da kauri sai ka gyara giya kafin ya shiga ƙarƙashinta. Sun fito da sabo SG-22 amma tsohon har yanzu yana kasuwa kuma ba abinda ya rage masa.

Sidi Crossfire 3 siriri ne, mai siririyar ƙafa zai ji kamar dan shi aka ɗinka, mai faɗin ƙafa kuwa kafin awa ɗaya ƙaramin yatsansa ya fara kuka. Gaɓa biyu gareshi, ɗaya a idon sawu ɗaya a samanta, kusan komai na jikinsa da sukuru aka ɗaure ka kwance ka canza, wuyansa kuma ana faɗaɗa shi, wanda hakan babban abu ne ga mai kaurin sha-raɓa ko mai saka abin kare gwiwa a ciki. Suna da wani kuma Atojo mai makulli 3 da yafi shi rashin nauyi, sunan ma haɗi ne na 'yan tserensu uku, Alessandro Lupino, Tony Cairoli da Jorge Prado.

Alpinestars Tech 10 shi daban yake, takalmi biyu ne a ɗaya. Akwai wani ƙarami a ciki kamar huffi mai tauri da ke riƙe idon sawu, sannan babban ya rufe shi, makulli 3. Riƙon da yake yi wa ƙafa ba'a magana, amma an gina shi ne dan masu tsere a fili waɗanda ke tashi sama su diro, minti talatin da wani abu sun gama sun cire. Kai da zaka wuni a ciki cikin watan Afrilu, wannan huffin na ciki ƙarin bargo ne.

In kuma ra'ayina kake so ba na kwali ba, mafi yawanmu bama buƙatar na ƙololuwar. Alpinestars Tech 7, ko Gaerne Fastback, ko Leatt 5.5, duk suna da gaɓar nan da nake ta magana, sun fi saukin kuɗi sun fi daɗin wuni. Fox Instinct ma ana yabonsa wajen laushi tun daga kwali da jin birki sosai. Canjin da ya rage ka ƙara a hular kwano da abin kare gwiwa. Na ga mutum da takalmin dala 650 da hular kwanon 'yan acaɓa wadda ko igiyar haɓa bata da ita, na rasa me zance masa.

Ta yaya zan san sayis ɗina tunda odarsa zanyi daga waje, ba gwadawa?

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, dan haka zan ɗan daɗe a nan. Kar ka dogara da lambar sau-cikinka ta zuwa ofis. Sidi da lambar Turai take sayarwa, 43, 44, 45, Alpinestars kuwa na dajin nan da lambar Amurka ne kuma babu rabi, 9 ɗinsu 43 ne, 10 kuma sai ya tsallaka 44.5, kaga mai 44 ya faɗa tsakani.

Abinda zakayi, bari sai da yamma bayan la'asar lokacin ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, ka saka doguwar safa mai kauri irin wadda zaka hau da ita, ka ajiye farar takarda a ƙasa jikin bango, ka tsaya a kai dunduniya na taɓa bangon, a tsaye fa ba a zaune ba, nauyinka duka a kan ƙafar. Ka sa wani ya ja layi a bakin yatsan da yafi tsawo, ba lallai babban yatsa bane wasu na biyun ne yafi. Ka auna da rula a santimita, ƙafa biyun duka saboda da wuya su zo daidai, ka ɗauki babbar. Ka auna faɗin ma, ka zagaya sha-raɓarka da tef ɗin tela tare da abin kare gwiwar a jiki. Da waɗannan lambobin zaka shiga jadawalin kamfanin, ba jadawalin mai shago ba.

Abinda yafi duk wannan kuwa, ka nemi wanda yake da irinsa ka roƙe shi ka zura ƙafa ko na minti goma ne. Mahaya basa rowar wannan. In ka zura ka kulle, dunduniya ta zauna daram kar ta dinga ɗagowa in kayi ɗage, yatsu kuma su samu wajen motsi, ka daki ƙasa da bakin takalmin kaji ko yatsa na cin karo da gaba. Matsi ta gefen yatsu baya sakewa kamar na takalmin fata, roba ce, yadda ka same ta haka zata mutu. Wanda kuma yayi maka yawa ƙafa na yawo a ciki, duk gaɓar da ka biya kuɗinta aikin banza ce tunda ba ƙafarka take riƙe ba. Ka tuna kuɗin jirgi da na kwastan ba'a dawo dasu in ka mayar.

Na ga ana cewa motocross, enduro, adventure, duk ba ɗaya bane?

Ba ɗaya bane. Na motocross, wato tseren fili mai tsalle-tsalle, shine mafi tauri, ƙasansa kusan sumul dan in ɗan tsere ya miƙa ƙafa a kwana ta zame akan ƙasa kar ta kafe. Na enduro, wato tseren ratsa daji da duwatsu, sau da yawa takalmin ɗaya ne sak da na motocross, sol ɗin kawai aka canza aka sa mai haƙora, misali Tech 7 da Tech 7 Enduro, saboda a irin gasar Erzberg ta Ostiriya ko Roof of Africa ta Lesotho rabin aikin turin mashin ne akan duwatsu. Mai hawa cikin tsaunuka irin na Filato ko Mambila, ko mai ratsa fadama da damina, mai haƙoran zai nema. Akwai kuma na trial, wato wasan hawa duwatsu da mashin a hankali, irinsu Gaerne Balance, laushi gareshi kamar huffi, daɗin tafiya amma ba na gudu bane sam.

Na adventure, wato na doguwar tafiya mai haɗa kwalta da burji, irinsu Sidi Adventure 2 ko Alpinestars Toucan shi ne ke ruɗin mutane, yana da kyau a ido, baya shan ruwa, ana iya yawo dashi a kasuwa, amma an rage masa tauri dan a samu wannan daɗin. Kuma abin dariyar masu sayensa su ne masu manyan mashina. Yamaha Ténéré 700, wanda sunansa ma na hamadar nan ce ta gabas da Agadez inda tseren Paris-Dakar ya dinga ratsawa a shekarun 1980, ya haura kilo 200 in tanki a cike yake, kusan ninki biyu na ƙaramin mashin ɗin enduro. Wato wanda abu mafi nauyi zai faɗo wa a ƙafa shi ne ya saka takalmi mafi laushi. In tafiyarka kwalta ce da ɗan burji jefi-jefi toh ba laifi, in kuwa da gaske zaka shiga yashi da kwazazzabai da wannan ƙaton, saka na enduro ka haƙura da ƙwaras-ƙwaras ɗin tafiya.

Waɗannan lambobin na jikin lakabin ciki fa, 2 2 2 2, me suke nufi?

Gwajin Turai ne mai suna EN 13634, na 2017 shine mai lamba huɗu. Ta farko tsawon takalmin, ta biyu jure gurzuwa a ƙasa, ta uku jure yanka, ta huɗu jure matsewa in abu mai nauyi ya danne shi ta gefe. Kowacce 1 ce ko 2, kuma 2 ta fi. In kaga IPA an gwada kariyar idon sawu daga duka, IPS ta ƙwauri, WR kuma ruwa. Ka duba shi, wanda bashi da lakabin kwata-kwata ka ajiye. Amma kar ka tsaya nan, lambobin nan huɗu babu wadda ke faɗa maka ko takalmin zai hana ƙafa murɗewa, takalmin kwalta mai laushi ma yana iya cin 2 huɗu. Wannan gwajin na matse wanki da na faɗa a sama shi zakayi da hannunka.

Zafin nan namu fa yayana, ƙafa ba zata dahu ba? Ko in nemi wanda baya shan ruwa?

Zata yi gumi, babu yadda zakayi, roba ce har gwiwa. Amma mai Gore-Tex ko Drystar ya fi zafi, kuma shimfiɗar nan da ke hana ruwa shiga ita ke hana shi fita, ka tsallaka rafin da ya wuce wuyan takalmin ruwa ya zubo ta sama, shikenan ka zama mai yawo da bokiti biyu har gida, ya kwana biyu bai bushe ba. Mu da rani yafi damina tsawo ni ina ganin wanda ba'a yi masa wannan shimfiɗar ba yafi, ruwa ya shiga ya fita. Da damina ka sayi safa mai hana ruwa ka ajiye a jaka, ka kuma saki ƙafar wando ta rufe wuyan takalmin maimakon cusa ta ciki, hakan ma yana hana ƙarangiya da tsakuwa zubowa. Safar auduga kuwa ka barta a gida, tana jiƙewa ta naɗe ta yi maka bororo a dunduniya. Akwai Tech 10 Supervented mai ramukan iska ga wanda aljihunsa ya kai.

Na saya na saka amma bana jin giya bana jin birki, ko na mayar?

Kar ka mayar, kowa haka ya fara. Giyarka an saita ta ne da silifas. Kwance notin sandar giyar ka zare ta ka ɗaga ta haƙori ɗaya ka mayar ka ɗaure, birkin baya ma yana da wajen saiti, ka daidaita shi da tsayin mataki. Sannan ka daina canza giya da yatsu, da ƙafar gaba ɗaya ake yi, ka ɗago ta daga gwiwa. Fita uku zuwa huɗu zaka manta da maganar. Ranar farko dai kar ka shiga cikin gari da cunkoso, birkin baya zaka taka fiye da yadda kake zato.

Lokacin sallah fa, cirewa da sakawa ba wahala?

Akwai 'yar wahala, musamman mai huffin ciki. Makullan in ka saita tsawonsu sau ɗaya suna zama a haka, ɓalle uku ko huɗu ne kawai ka zare ƙafa, bai kai minti ɗaya ba. Ni silifas nake ɗaurewa a bayan mashin da roba, in an tsaya azahar na cire na yi alwala na bar takalmin a buɗe a inuwa ya sha iska, ƙafar ma ta huta. Ka dai bari ƙafa ta bushe kafin ka mayar da safa. Kuma ka kula da mai ƙarfe a baki in zaka taka tayil ko simintin gidan mai, santsi yake kamar kuɓewa.

Na samu na gwanjo da araha, in ɗauka?

Gwanjon mai tsada yafi sabon mai araha in ka iya dubawa. Riƙe sol ɗin da hannu biyu ka gwada naɗe shi a tsakiya, in ya naɗu ƙarfen ciki ya karye, bar shi. Girgiza wuyan gefe da gefe kaji ko gaɓar tayi lako-lako. Lanƙwasa robar da maɗauran ka duba ko suna yin fari-fari ko tsagewa, saboda irin wannan robar tana tsufa ko ba'a saka ta ba, takalmin da ya shekara goma a sito zaka ganshi fes kamar sabo, fita ɗaya sol ya ɓare ya barka da safa. Zura hannu ka shafa wajen dunduniya ta ciki, in ya huje har roba ta fito zai ci maka ƙafa.

Jabu kuma suna nan da yawa a intanet. Ni kaina an taɓa yi min, wani mai sayarwa ya turo hoto mai kyau da farashin da ya kamata ace tun nan na farga, kaya suka iso na ɗaga naji shafal, na kirki kowace ƙafa tana kusan kilo 2. Da na duba gaɓar ashe zanen roba ne kawai aka manna da gam, bata juyawa ko kaɗan, ado ce. Na kira lambar har yau tana kashe.

Ni Boxer nake hawa zuwa gona da ƙauye, wani lokacin tsohuwar Yamaha DT ko AG, nima sai na sayi wannan?

A'a baba, kar ka sayi takalmin da ya kusa kuɗin mashin ɗinka. Amma silifas ɗin nan dai a daina, ko takalmi mai rufe idon sawu ne ka samu, kututture da salansa basu san kuɗin mashin ba. In kuma DT ɗin kana wasa da ita ne a daji kana tsayuwa akan mataki kana gudu, toh ka shigo layinmu, nemi gwanjon Tech 7 ko makamancinsa.

Wani yace min takalmi mai tauri gwiwa yake karyawa, gaskiya ne?

Ƙarfin murɗawar dole ya tafi wani waje, in idon sawu ya ƙi toh gwiwa ce a sama, wannan mahaya sun daɗe suna muhawara a kai, shi yasa ma kamfanonin ke barin gaɓar ta ɗan bada kai kafin ta tsaya, Leatt har suna ta sa wa nata tsarin, FlexLock. Amma maganin ba komawa takalmi mai laushi bane. Abin kare gwiwa zaka ƙara, ko mai sauƙin ko mai ƙarfe a gefe, kuma ka koyi barin ƙafa akan mataki maimakon sauke ta duk sanda gabanka ya faɗi. Yawancin raunin ƙafa da na gani da idona daga wannan saukewar ne.

In sol ya cinye shumeka zai iya gyarawa?

Ya danganta da irin sol ɗin. Haƙoran mataki suna cin tsakiyarsa, buga kik ma yana ci ta ƙafar dama. Mai ɗinki irin SG-12 ko Crossfire mai alamar TA, shumekan da ya san aikinsa zai farke ya ɗinka sabo, ka dai yi odar sol ɗin asali ka kai masa, kar ka bari ya yanko maka taya, kuma ka tsaya a kansa kar ya cire ƙarfen ciki yace yana hana allura wucewa. Sidi mai alamar SRS kuwa ko shumeka baka buƙata, tsakiyar sol ɗin da sukuru aka ɗaure, sukudireba kawai a tsakar gida. Sharaɗin ka canza da wuri kafin kan sukurun ya cinye, in ya shafe sai an sa masa injin huji. Masu sol ɗin da aka narka aka haɗe da jiki irin na Alpinestars ma ana sayar da nasu, amma aikin gam ne mai buƙatar gwani.

Akwai na yara da na mata?

Akwai, Tech 7S da Gaerne SG-J na yara ne, Alpinestars kuma na matansu Stella suke kira. Kar dai a saya wa yaro mai girma wai zai girma a ciki, ba kayan sallah bane.

Fari ko baƙi?

Farin yafi kyau a hoto kuma baya ɗaukar zafin rana kamar baƙin, amma jar ƙasa in ta kama shi sau ɗaya ya zama ruwan goro har abada.

Ya ake wanke shi da ajiye shi?

Ruwa da sabulu da burushi, tun taɓon bai bushe ba. In ka kai wajen wankin mota kar ka bari yaron ya kafa bakin injin ruwan a gaɓar ko a ɗinki, daga nesa. Ka zare shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida ta tsotse danshin, ka ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba, ba kuma cikin but ɗin mota ba, zafi ke kashe gam da roba. Da hunturu ƙura na shiga gaɓar ta fara ƙiiƙii kamar tsohuwar ƙofa, ɗan feshin silikon ya isa, banda baƙin mai. Duk bayan 'yan fita ka bi sukurorin makullan ka ƙara ɗaurewa, girgiza na kwance su, kuma ka ajiye shi a kulle dan wuyan kar ya karye gefe.

In kun kwana a daji ko a ƙauye kuwa, da safe ka kife shi ka bubbuga sosai kafin ka zura ƙafa. Wani abokin hawanmu ya bar nasa a bakin bukka ya kwana, da asuba ya kife na hagu ba komai, ya kife na dama sai ga kunama ta faɗo tana ɗaga ƙari, tun daga ranar safa yake ɗaurewa a bakin kowanne kafin ya kwanta.